Ƙafar mota: wasu na ɗagawa, wasu na saukewa

 

Yau zancen mota za mu yi, kuma a jikin motar ma ƙafarta. Mun lura a nan wajenmu in mutum zai sayi mota, inji yake kasa wa kunne, ya shafa fenti, ya tambayi yadda take shan mai, shi ke nan ciniki ya faɗa. Da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Alhali duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a jikinta wuri huɗu ne kacal, kowane bai wuce faɗin tafin hannu ba. A kan waɗannan tafuka huɗu ake taka birki, a kansu ake shan kwana, a kansu rayukan mutanen da ke ciki suke. Abin da ke danne su a ƙasa kuwa shi ne ƙafar mota.

Abin da ya kawo maganar shi ne gardamar da muke ji ta kasu gida biyu. A fada, wajen shan shayi, samari na miƙa wa juna waya suna kallon motocin tsere na Turai da Japan, waɗanda aka sauke har cikinsu na neman lasar kwalta, suna shan kwana ba ko karkata. Duk wanda Allah ya hore wa ƴar Golf ko Corolla, burinsa ya sauke ta ta yi kama da waɗancan. A tasha kuma labarin ya sha bamban. Direban Hiace da mai Hilux ɗin kasuwa, su burinsu a ɗaga mota sama, ta ɗauki kaya, ta haye yashi, cikinta bai taɓa ƙasa ba. Ɗaya na ja ƙasa, ɗaya na ja sama, kuma garejin makanike ɗaya suke zuwa. Mu da ke shiga motocin duka biyu, muna ganin akwai abin da kowane ɓangare ya manta.

Mu fara da hanyoyinmu, don mota ba a sama take tafiya ba. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni da Madawa, ita ce ta ratsa Gidan Rumji ta nufi Maraɗi, kimanin kilomita 50 daga nan, sannan ta wuce Agye da Gazawa da Tasawa har Damagaram. Wannan kwalta ce, ana gudu a kanta, amma kusan kowane gari da tudun rage gudu a bakinsa, ga ramuka inda ruwa ya ci, ga manyan motocin kaya. Da ka sauka daga kwalta sai jar hanya, wadda rani ke mayarwa kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Gaba kaɗan sai yashi, inda amalanke ya haƙa layi biyu ya bar tudu a tsakiya. In damina ta sauka kuma Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, ƙauyukan bakin gulbi sai mai tsautsayi ko mai ƙarfin hali. Direba ɗaya, a wuni ɗaya, yana iya taka duka huɗun. Wanda ya ƙera motar a Japan ko Jamus bai yi lissafin wannan ba.

To me ke cikin ƙafar mota? Abubuwa da yawa ne, amma uku suka shafi zancenmu.

Na farko sifirin, wanda masu jin faransanci ke ce wa rasor. Wani naɗaɗɗe ne kamar gammo, wani kuma falle-falle ne an jera an ɗaure, irin na bayan Hilux da Hiace. Shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke yawan tsayinta daga ƙasa. In taya ta hau tudu sai ya lanƙwashe, in ta sauka sai ya miƙe. Matsalarsa ɗaya: bai san ya tsaya ba. In ka danne shi ka saki, sai ya yi ta lilo sama da ƙasa.

Na biyu shi ne shokazoba, a taƙaice shoka, wasu kuma su ce amortisa. Mutane da yawa sun ɗauka shi ke ɗauke da mota. A'a, aikinsa kashe wannan lilo. Bututu ne cike da mai, da sanda mai kai kamar na famfo a ciki. Duk motsin da taya ta yi, sai an tura man nan ta wasu ƴan ƙananan ƙofofi, kuma wannan matsi shi ke shanye ƙarfin lilon ya mai da shi zafi. Shi ya sa in ka taɓa shoka bayan tafiya a jar hanya za ka ji shi da zafi rau. In zafin ya yi yawa man yakan yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe komai, sai motar ta fara rawa a kan kunya-kunya. Don maganin wannan ne aka ƙirƙiro shoka mai iskar gas, wadda ke danne man ta hana shi kumfa. Wani Bafaranshe mai suna de Carbon ne ya fito da dabarar a shekarun 1950, kamfanin Bilstein na Jamus ya shahara da ita. Yau su KYB na Japan da Monroe da Sachs duk suna yin irinta.

Na uku shi ne wanda aka fi rainawa. Wani ƙarfe ne lanƙwasasshe da ya ratsa ƙarƙashin mota ya haɗa ƙafar dama da ta hagu. Makanikai na ce masa sitabilaiza, mu kuma mu ce ƙarfen daidaito. In tayoyin biyu suka hau tudu tare, ba ruwansa. Amma in aka sha kwana, nauyi ya koma gefe ɗaya, motar ta so kwantawa, sai ƙarfen ya murɗe ya ƙi, ya riƙe ta. Kamar mutum biyu ne ɗauke da gungume a kafaɗa: in ɗaya ya so durƙushewa, ɗan uwansa ya ji a jikinsa ya tallafe shi.

Waɗannan uku kamar duwatsun murhu suke. Ka canza tsayin ɗaya ka bar biyu, tukunya ta karkace.

Masu motocin tsere da samarinmu ke kallo sun san haka, kuma nan ne bidiyo ba ya nunawa. In sun sauke mota da santimita 3 ko 4, dalilinsu shi ne nauyinta ya matso ƙasa, don abin da ke kusa da ƙasa ya fi wuyar kifewa. Amma ba su tsaya nan ba. Tunda tazarar motsin ƙafa ta ragu, sai su sa sifirin mai tauri don kada ta buga ƙarshe. Tunda sifirin ya yi tauri, sai su nemo shoka gajere wanda aka yi don wannan taurin. Sai su zaɓi kaurin ƙarfen daidaito da lissafi: in na gaba ya yi kauri da yawa, mota ta ƙi juyawa a kwana ta riƙa neman wucewa gaba, in na baya ne ya yi yawa, gindinta ya riƙa zamewa. A ƙarshe su kai ta a sake saitin ƙafafu. Kuma duk wannan don hanya mai santsi kamar faranti ake yi.

Da waɗannan motoci suka zo ƙasarmu kuwa, kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Manyanmu na tuna tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disamban 1978, kuma tun zagayen farko ya ratsa Nijar ta Agadas da Yamai. A 1984 motar tsere ƙirar Porsche 911 ce ta ci, René Metge na tuƙi, kuma a 1986 ya sake ci da Porsche 959. Daga 1987 zuwa 1990 Peugeot ce ta riƙe kambun shekara huɗu a jere. Duk wanda ya ga hotunan motocin nan zai ga an ɗaga su sama sosai, har ana hango haske ta ƙarƙashinsu. Wato ko masu ƙera motar tsere, da suka ga yashinmu, ɗagawa suka yi. Sai dai sun ɗaga ne da dogon sifirin, da dogon shoka mai jure zafi, a wasu motocin ma biyu-biyu a ƙafa ɗaya, da farantin ƙarfe mai kare cikin mota.

Ba ma sai mun je nesa ba. Peugeot 504 da iyayenmu suka yi ta zirga-zirga da ita tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano, wadda ta fito a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975 ta daɗe tana haɗa ta, abin da ya sa ta yi suna a Afirka ƙafarta ce. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafar na da doguwar tazarar motsi, tana shanye gargada kamar raƙumi. Ita ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, ƴar uwarta mai ƙofa biyu ta sake ci a 1978. Tsayinta da shokanta da sifirinta tare aka auna su tun daga masana'anta, shi ya sa ta yi ƙarko.

Yanzu mu dawo gida mu ga yadda muke yi. Mai motar kasuwa ya ga bayanta na zaunawa in an yi lodi, sai ya je a ƙara falle biyu ko uku a sifirin. Wani a sa masa guntun ƙarfe ko roba mai kauri a ɗaga. Mai tsohuwar Hiace a ɗaure masa sandar murɗi ta gaba har hancinta ya tashi. Wannan duk dabara ce, kuma buƙata ce ta haife ta. Ba mu raina basirar makanikanmu ba, don da hannu da guduma suke raya motocin da Turai ta yi wa sallama shekara ashirin da suka wuce. Inda gizo ke saƙar shi ne, an ɗaga mota amma shokan na nan na da. An ja shi har ya kusa ƙurewa, don haka duk ramin da taya ta faɗa sai ya buga ƙarshe, kwana kaɗan ya fara zubar da mai. Ƙarfen daidaito kuma, da robobinsa suka cinye ya fara ƙwal-ƙwal, sai a ce ai ba shi da wani amfani, a kwance shi a jefa bayan gareji. Ƙarar ta ɗauke, kowa ya ji daɗi.

Sai a zo lodi. Buhun gero mai kilo 100, goma kawai sun yi tan guda. A ɗora wake, a ɗora aya in daga wajen Agye da Gazawa ne, a ɗaure jajayen awaki a can ƙololuwa, wasu samari su haye kan kayan. To ga mota an ɗaga ta, an ɗora mata nauyi a ka, an cire abin da ke hana ta karkata, shokan da zai kashe lilo ya mutu. A yashi, a hankali, ba za ka ga aibinta ba. Hasali ma rashin ƙarfen daidaito na barin kowace taya ta bi ƙasa yadda take so, shi ya sa wasu manyan motocin daji na zamani ke da dabarar sassauta shi in an shiga gargada. Amma su da an hau kwalta yake komawa aiki. Namu kuwa yana bayan gareji, motar kuma ta hau hanya mai lamba 1 tana gudun kilomita 80 a awa. A wannan gudu, kowace daƙiƙa mota na cin mita 22. Kuma ƙarfin da ke tura mota gefe a kwana ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in ka ninka gudu sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa.

Kada a ɗauka sai tsohuwar mota ke kifewa. A 1997 kamfanin Mercedes ya fito da wata ƙaramar mota sabuwa fil mai tsayi, A-Class. Wasu ƴan jarida a Suwidin suka gwada ta da irin kaucewar da direba ke yi in dabba ta faɗo hanya, a karkata hagu a dawo dama da sauri, sai ga ta ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayarwa, ya rage mata tsayi, ya sake ƙafarta, ya ƙara mata na'urar da ke taka birkin kowace taya ita kaɗai in mota ta fara zamewa. Su dabbar dajinsu suke tsoro. Mu kuwa jaki ne, da amalanke marar fitila da almuru, da yaro mai kora tumaki, kuma kusan kullum sai direba ya yi irin wannan kaucewa.

Mun taɓa ganin abin da idonmu, wata ranar kasuwa bayan kaka, muna cikin motar da ke biye. Wadda ke gabanmu buɗaɗɗiya ce, an ɗaga bayanta, an yi mata lodi har ya fi ta tsayi. Tun daga nesa muke ganin tana tafiya tana rangaji kamar mai jin barci, duk tudun da ta hau sai ta yi lilo uku ko huɗu kafin ta natsu. Akuya ce ta tsallaka. Direban ya kauce, ya dawo, kuma ba gudun hauka yake ba, wallahi. Sai muka ga kayan sun tafi hagu, sun dawo dama, a dawowa ta biyu tayoyin gefe ɗaya suka bar ƙasa, ta kwanta a hankali kamar saniyar da aka kayar. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Amma wata baiwar Allah ta karye a hannu, jarkokin man gyaɗar da ta kwana biyu tana matsa suka fashe a kwalta, wani dattijo kuma buhunsa ya yage gero ya bi yashi. Muna tsaye ana ta cewa tsautsayi ne, ƙaddara ce. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma da aka tayar da motar, duk wanda ya leƙa ya ga shokan baya sun jiƙe sharkaf da mai da ƙura, inda ƙarfen daidaito yake kuma ramukan ƙusa ne kawai.

Bayan ƴan kwanaki mun tarar da wani direban daban a garejin wani tsohon makanike, ana irin wannan ciniki. Tsohon ya danna bayan motar da hannu biyu ya saki, ta yi ta lilo. Ya ce, "Kai ɗana, motar ga ba ta da lahiya. Kun ɗaga ta sama kun bar ta ba mai riƙonta."

Direban ya ce, "Baba, mi za ni yi? Motar ba tawa ba ce. In na ce ma Alhaji a sai shoka, sai ya ce ai tana tahiya. Kuma da yamma kuɗinshi yake jira cikakku."

Tsohon ya ce, "To ka ce mashi ni na ce, shoka biyu sun hi arha bisa ga gilashi da kuɗin likita. In ya ƙi, kai dai ka rage lodin sama, ka rage ƙahwa bisa kwalta. Ranka ba na haya ba ne."

Maganar direban nan ita ce gaskiyar da ba za mu tsallake ba. Yawancin masu tuƙa motocin kasuwa ba su ne masu su ba. Ga kuɗin mai, ga na tasha, ga na hanya, ga balas ɗin maigida. Kayan gyara kuma daga nesa suke zuwa, kuma ƴan shekarun nan hanyarsu ba ta zauna lafiya ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan Yulin 2023 hanyar Kwatano, wadda ta nan motocin hannu da kayansu suka saba shigowa, ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Duk abin da ya yi doguwar hanya kuwa, mai saye na ƙarshe ke biyan kuɗin tafiyarsa. Shi ya sa in shoka ya mutu, abin da ake fara tambaya shi ne, akwai na hannu?

A kasuwar kayan mota shoka iri uku za ka tarar. Akwai sabo na asali, mai tsada. Akwai na hannu, wanda aka ciro daga motar da ta gama yayinta a waje; wani da sauran rai, wani ya riga ya mutu an wanke shi an fesa masa baƙin fenti. Akwai kuma sabo a kwali mai ɗauke da sunan babban kamfani, amma na jabu ne, wata uku ya fara hawaye. Ganin kitse ake yi wa rogo. Ba mu ce kowa ya sayi mai tsada ba, kowa ya san aljihunsa. Amma na hannun ma ana gwada shi kafin a biya: a tsayar da shi, a ja sandar a tura, a ji tana da nauyi tun daga farko har ƙarshe, ba inda ta yi sako-sako, a duba sandar ba tsatsa, ba lanƙwasa, ba danshin mai. Mai gas in ka tura shi ka saki, da kansa yake dawowa a hankali. Kuma a canza su biyu-biyu, dama da hagu, don sabo a gefe ɗaya matacce a ɗaya gefen shi ma wata karkatar ce.

Sai ku, ƙannenmu masu son saukewa. Ba mu ga laifin mai son motarsa ta yi kyau ba. Mu ma a zamaninmu mun yi wa kekuna ado. Amma abin da ake yi a nan, a yanke zagaye ɗaya ko biyu na sifirin, ko a gasa shi da wutar walda har ya zauna, ba shi ne abin da kuke gani a waya ba. Ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙwarinsa, yana iya karyewa ba sallama. Wanda aka yanke kuma yana iya zamewa daga mazauninsa in taya ta faɗa rami. Shokan na asali zai riƙa aiki a dunƙule, ya mutu da wuri. Tayoyi su karkace su cinye ta ciki. Sannan ga tudun rage gudu na bakin kowane gari yana jiran salansa da tukunyar man inji. In tukunyar nan ta fashe mai ya tsiyaye ba ka lura ba, injin gaba ɗaya ka yi wa sallama. Kuma ku tuna, motar gida ba ta gayu kaɗai ba ce. Ranar da naƙuda ta kama matar yayanka a ƙauye da tsakar dare, ko aka ce tsohuwa ba ta da lafiya a kai ta likita Maraɗi, motarka za a nema. In ta kafe a tudun yashin farko, sai a koma neman amalanke. Wanda ke son motarsa ta riƙe hanya da gaske, ya sa mata shoka mai kyau a tsayinta na asali, ya sabunta robobin ƙarfen daidaito, ya sa tayoyi masu rai, ya yi saiti. Zai ji bambanci tun kwanar farko.

Ga masu ɗagawa kuma, ba mu ce a daina ba, don hanyar ƙauye ba ta barin gajeriyar mota. A ɗaga daidai gwargwado. In an ɗaga, a nemo shokan da tsawonsa ya dace da sabon tsayin. A bar ƙarfen daidaito a wurinsa. Robobinsa da ƴan sandunan da ke riƙe shi suna cikin mafi arhar kayan ƙafar mota, su ke ƙara, ba shi ba. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, marasa nauyi a sama. Kuma direba ya sani, motar da ya ɗaga don yashi ba ta gudun kwalta ba ce.

Alamomin mataccen shoka ba ɓoyayyu ba ne, ko wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba zai gane. Mota ta yi ta lilo bayan ta sauka daga tudu. Hancinta ya nutse in an taka birki. Taya ta cinye tabo-tabo, wani wuri ya lotsa wani ya tashi. Jikin shokan ya yi danshi ƙura ta manne. Da dare kuma ka ga fitilunta na rawa sama da ƙasa saboda lilo, tana kashe wa na gaba ido. Taya da ke tsalle-tsalle ba ta riƙe ƙasa, birki kuwa sai taya na ƙasa yake ci, don haka motar da shokanta ya mutu ta fi daɗewa kafin ta tsaya.

Mu fasinjoji ma da namu. Mu ne ke matsa wa yaran mota a ƙara buhu ɗaya, mu ne ke faɗa in direba ya rage gudu wai za mu rasa kasuwa. In mun ga mota ta jirkice tun tana tsaye a tasha, muna da ikon mu jira ta gaba, ko da za mu makara. Muna kuma roƙon shugabannin tasha da na ƙungiyar direbobi, yadda ake duba takardu da layi, a riƙa danna bayan mota ana leƙa ƙarƙashinta kafin a fara lodi. Aikin minti biyu ne. Alhazai masu motoci kuma, in direba ya ce a sayi shoka, a saurare shi, shi ke jin motar a jikinsa.

Makanikai da direbobin da ke biye da mu, kun fi mu sanin wannan aiki. Ku faɗa mana abin da kuke gani a garejinku da kan hanya, musamman wane irin shoka ne ya fi jure jar hanya a wajenku, don wani ya amfana. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya tsare mu da tsautsayin hanya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mun ji daga gare ku.